Zuma Sai Ta Kwana

Uwani, wannan babin naki ne, ko da yake ina so Kabiru ma ya karanta, tunda shi ma ya sa baki ta waya daga Abuja. Da Sallar da ta wuce kin shiga ɗakin Innarku kina shara, kika tarar da ƙananan kwalaben zuma a jere bakin taga. Kika kwaso su a haɓar zani, kika fito tsakar gida kina huci kamar wadda ta kama ɓarawo da kaya a hannu.

"Baba, ashe abin da kake yi ke nan in mun tahi? Mutum da ciwon sukari shina ɓoye zuma cikin ɗaki? Yo mi amfanin maganin da nike aiko maka?"

Ban ce miki komai ba, kika ɗauka kunyar kamu ce ta rufe mini baki. Ba kunya ba ce, fushi ne. Kun san ni, idan raina ya ɓaci sosai ba na tanka wa kowa. Kika zuba kwalaben a jaka kika tafi da su Kaduna, wai kin raba ni da guba. Na san don kina sona kika yi, kuma aikin jinya ya nuna miki abin da sukari yake yi wa ƙafafun mutane. Amma kin yanke hukunci ba ki ji ta bakin wanda ake ƙara ba. To yau ga ta bakina, kuma sai na faro daga nesa, ki yi haƙuri da tsoho.

A nan unguwar Gobarau aka haife ni, a wannan gidan da kuke ta cewa in bari in biyo ɗayanku. Kakanku sayar da zuma ce sana'arsa, ni kuma na buɗe ido na gan ni cikin tuluna da ƙudan zuma suna bin mu har cikin zaure. Mutanen ƙauye su ne masu ɗaura amya a kan itatuwa, su suke shan harbi su ɗebo, mu namu mu saya mu tace mu sayar. Wanda bai sani ba sai ya ce ai wannan ba aiki ba ne. Aikin yana kan harshe. Ana kawo tulu, daga baya zamani ya mai da shi jarka, sai Baba, wato kakan naku, ya tsoma kara ya lasa daga sama, ya lasa daga tsakiya, ya lasa daga gindi, ya rufe ido. Daga nan zai faɗa maka furen da ƙudan suka sha, da ko an ƙona ta da wuta wajen ɗiba, da ko wani marar tsoron Allah ya narka sukari ko mazarƙwaila ya zuba. Yau kowa malami ne, wannan ya ce a gwada da ashana, wancan ya ce a ɗiga a ruwa a gani ko za ta nutse. Masu algus sun riga ku sanin duk wannan, sun kuma san yadda za su ci jarrabawar. Harshe ne kawai ba su iya saye ba.

Baba ya koya mini cewa kowane fure da halinsa. Ta gawo fara-fara ce, mai sauƙi, ba ta kankarar maƙogwaro, ita muke ba uwar da yaronta yake tari, in dai an yaye shi. Ta magarya mai kauri ce, masu gyambon ciki suna nemanta su lasa da safe. Ta ɗorawa tana da duhu da ƙarfi, ta masu jego ce da tsofaffin da cin abinci ya fita ransu. Ta bedi, wato dogon yaro, tana barin ɗaci a ƙarshen harshe, mutane suna ƙinta, amma na sha ganin an shafa ta a ƙuna ko a ciwon da ya ƙi rufewa, wurin ya kama hanya. Akwai kuma wadda ake ɗiba bayan damina, lokacin da daji ya cika da ƙananan furannin da ko suna ba su da shi, ƙudan su tsinto nan su tsinto can. Baba yana cewa wannan kamar miyar da aka yi wa kayan haɗi ce, ba ka iya cewa ga abin da ya sa ta daɗi. Ni ba likita ba ne, ban taɓa ce wa kowa ya bar asibiti ya riƙe kwalba ba. Abin da na sani shi ne yawancin wanda ya zo rumfarmu ba kwaɗayi ne ya kawo shi ba, ya baro marar lafiya ne a gida. Shi ya sa ranar da Baba ya bar mini wurin zamansa ya riƙe hannuna ya ce:

"Lawal, wanga ciniki shaida ce. Abin da harshe bai shaida ba, kada bakinka ya ce ma mutum magani ne."

Da wannan magana na zauna a Babbar Kasuwa har gemuna ya fara fari. Ba yabon kai ba, in aka yi gardama a kan jarka a layinmu, wurina ake kawowa. Kasuwar nan ita ce majalisata, ita ce gidan rediyona. A nan nake jin wa ya haihu, wa ya rasu, nawa hatsi ya kai. Maƙwabcin rumfata Alhaji Sule, wanda kuke kira Baba Sule, da shi muke cin tuwon rana a kwano ɗaya, muna zolayar juna kamar ɗan mace da ɗan namiji, har a taru ana dariya.

Innarku ce ta fara gane ba ni da lafiya. Ina shan ruwa kamar raƙumi, ina ramewa, rigunana suna yi mini yawa. Wata safiya ta fito daga bayan gida ta tsaya a kaina da buta a hannu.

"Alhaji, kiyashi sun cika inda ka yi hitsari. Haka na gani ga Babanmu kahin a yanke mashi ƙahwa. Yau ba ka zuwa kasuwa, asibiti za mu."

Na yi gardama, ta ɗauko gyalenta ta tsaya a bakin zaure, muka tafi. Likita ya ɗebi jini, ya duba, ya tambayi sana'ata. Da na faɗa masa sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce zuma abu ce mai amfani ga mutane da yawa, amma ga jikina ita da sukari duk hanya ɗaya suke bi. Na ce ai lasa kawai nake yi. Innarku ta yi dariya a gaban mutum, ta ce ya tambaye ni jarka nawa nake lasa a wuni idan kakar zuma ta zo, ya kuma tambaye ni wa yake shanye abin da ya rage a ludayi. Gaskiya ta faɗa. Ni ba mai lasa ba ne, mai sha ne, tun ina yaro.

Da labari ya kai kasuwa Alhaji Sule ya ce duk zancen banza ne.

"Zumar da Allah da kanshi ya yaba ita za ta kashe ka? Sukarin kanti ke kawo ciwo. Zuma mai kyau ai ita ce ma maganin sukarin. Kai hwa ka cika jin maganar 'yan boko."

Ba shi kaɗai ba ne mai wannan ra'ayi, rabin layin haka suka yarda, kuma har yau akwai masu faɗa wa mutane haka. Ni ma raina ya so maganar, don ta yi daidai da abin da nake so in ji. Na kawo ta gida da murnata. Innarku tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ruwa ma rahama ne, Alhaji, amma shina cin mutum. Ni na wanke ma Babanmu dungulmi da hannuna. Ba ni wanke naka. Ka yi mani alkawari ba ka ƙara sa ta bakinka, ko ina raye ko ba ni."

Na ce to in na yi alkawarin, da me zan sayar? Na tuna mata maganar Baba. Na ce ko dai in karya tasa ko in karya tata, ko kuwa in rufe rumfa in dawo gida in zauna muna kallon juna. Ta kaɗe hannunta, ta ce Baba ai harshe ya ce, bai ce lallai sai nawa ba. Ta ce ita ma Allah ya ba ta guda, kuma tunda ta yi shekara da shekaru tana gane gishirin miya daga ƙamshi, ba zuma ce za ta gagare ta ba. Na yi mata dariya. Daga baya na yi alkawarin, ina riƙe da bakin rariyarta kamar wani yaro.

Haka muka fara. Idan aka kawo jarka sai in ɗebi kaɗan daga sama da tsakiya da gindi in zuba a 'yan kwalabe in sa aljihu. Da safe in na dawo daga masallaci, kafin ta sa komai a bakinta, ko ruwan koko, sai in jera su a faifai a ƙofar ɗakinta. Ta kurkure baki, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne, ta lasa, ta faɗa mini abin da ta ji. Da farko wahala muka sha. Ni ina da ilimin ba ni da harshe, ita tana da harshe ba ta da sunayen. Sai ta ce wannan tana da ƙamshin sabuwar randa, in ce to gawo ce. Ta ce wannan ta tsaya mata a wuya kamar ta ci alewa, in ce an zuba sukari. Ta ce wannan tana warin ɗakin da aka yi girki da ɗanyen itace, in ce wuta ta yi mata yawa wajen ɗiba. Har da gangan nakan haɗa mata ta algus in saka a ciki, in ta kama ni ta jefe ni da murfin kwalba. Kafin a yi kaka biyu ta wuce inda na tsaya. Akwai ranar da ta ce wata zuma daga bakin ruwa aka ɗebo ta, na tambayi mai ita, ya ce amyarsa a gefen fadama take.

Abu ɗaya ta hana ni, shi ne in faɗa wa kowa.

"Kada ka kai ni bakin 'yan kasuwa. In ji ana cewa matar Alhaji Lawal ce ke riƙe da rumhwa? Sunanka ne, ka bar shi inda shike."

To sai na rasa abin da zan ce wa masu kawo kaya, waɗanda suka saba in lasa nan take in yanke magana. Rana ta farko da aka matsa mini sai bakina ya suɓuce na ce a bar ta ta kwana, zuma sai ta kwana take faɗin gaskiya. Na faɗa ne don in sami hanyar tsira. Wallahi kafin shekara ta zagayo sai ga 'yan layinmu suna ɗibar zuma a kwalba suna kaiwa gida wai ta kwana. Alhaji Sule har da cewa shi ya lura tana canja launi da asuba. Ranar da na ba Innarku wannan labari ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki, ta ce in tambaye shi ko tasa zumar tana yin minshari.

Ku a lokacin kun riga kun tashi, ke kina gidanki, Kabiru yana wurin aiki. Gidan nan daga ni sai ita. Ina gaya muku, duk zamanmu ban san Innarku ba kamar yadda na san ta a waɗannan safiyoyin. Da can ni mai fita ne, ita mai girki, magana ba ta wuce cefane da ta yara. Sai da ciwo ya kama ni muka sami abin da muke yi tare. Nakan zolaye ta in ce da tsohuwar zuma ake magani, ta ce tsohon banza, wa ka gani tsohuwa a nan.

Shekarar da nake so ku fahimta ita ce wadda ta rasu. Kun zo, kun ga yadda abin ya zo da sauri a ƙarshen damina, ba sai na maimaita ba. Aka yi zaman makoki, gida ya cika har ba wurin shimfiɗa tabarma, aka yi addu'ar arba'in, kowa ya kama gabansa. Ban ga laifinku ba, kowa da nasa nauyin. Na koma kasuwa ina sayar da ragowar abin da ta riga ta lasa ta amince da shi. Muddin akwai wannan a rumfa ban tsaya na yi tunani ba. Ina kallon jarkokin suna sauka ina kawar da kai.

Sai rani ya shigo, gawo ya yi fure ya gama, Malam Ɗanjuma ya iso. Shi ne mutumin da ya fi kowa daɗewa yana kawo mini zuma, tun yana bin mahaifinsa. Ya yi mini gaisuwa, muka daɗe muna jajanta wa juna, ya ce daji ya ɓaci, amyoyinsa na nesa duk ya bar su, sai na kusa da gari yake iya zuwa. Sa'an nan ya buɗe bokiti. Farar saƙa ce, ta gawo, irin wadda Innarku take cewa in ɗebar mana ta gida kafin in sayar. Ƙamshinta ya bugi fuskata har sai da na dafa benci.

"Alhaji, a bar ta ta kwana ko?"

Na ce a bar ta. Hannuna da kansa ya ɗauko kwalba ya ɗiba ya sa aljihu. Ban yi tunanin komai ba, na rantse muku. Na dawo gida, na kwana, na je masallaci, na dawo na ɗauko faifai na ɗora kwalbar na ajiye a ƙofar ɗakinta. Har na buɗe baki zan ce Hajiya fito. Sai na ga kujerar a jingine da bango inda matan makoki suka bar ta.

Na zauna a ƙasa a wurin. Ban san tsawon zaman da na yi ba, na dai ji masu kai yara makaranta suna wucewa a babura, rana ta hau katanga. A ranar na san ta mutu. Ranar jana'iza mutane ne suka yi ta faɗa mini, amma a ranar nan ni na faɗa wa kaina. Na yi kuka irin wanda ban yi ba a gabanku, ba kuma wanda ya ji sai kajinta.

Da na natsu sai Shaiɗan ya zo da lissafinsa mai kyau. Ya ce lasa ɗaya ba ta yanke ƙafa. Ya ce wadda ka yi wa alkawari ba ta nan, kuma ba mai ganinka. Ya ce in ba ka lasa ba ka rufe rumfa, in ka rufe rumfa wa za ka yi wa magana daga safe zuwa dare? Wannan ta ƙarshen ita ta fi kama ni, don gaskiya ce. Na buɗe kwalbar na tsoma yatsa. Na ɗago shi har kusa da leɓena, zumar tana gangarowa zuwa wuyan hannuna. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron likita ba ne. Kalmar nan ce tata, ko ina raye ko ba ni. Ashe tun ranar ta hango wannan safiyar, ta riga ni zuwa wurin. Na jawo buta na wanke hannuna.

Saura hanya ɗaya, in sayar ba tare da an lasa ba. Kabiru, kai ka ce mini haka a waya, ka ce kowa haka yake yi, kuma Malam Ɗanjuma ba zai cuce ni ba. Gaskiya ne ba zai cuce ni ba. Amma shi ma wani lokaci sayowa yake yi daga wasu ya cika, kuma ba shi kaɗai yake kawo mini ba. Ka ce in ɗauki wani ya riƙa lasa mini. Wa? Alhaji Sule goro ya kashe masa harshe, ko maɗi ka ba shi zai ce ta magarya ce. Matasan layin kuwa ba mai haƙurin zaman koyo, ni ma kuma ba ni da sauran shekarun da zan sake renon wani harshen. Mutane suna zuwa ne don sunan Baba da nawa, su karɓa ido rufe su kai wa marar lafiya. In miƙa wa mace kwalba in ce ki ba yaronki, alhali ban sani ba ko ruwan sukari ne? Na gwada faɗin haka a raina, bakina ya ƙi.

Na tafi kasuwa da hantsi. Malam Ɗanjuma yana zaune a bencina yana jira.

"To Alhaji, mi ta ce?"

Na ce, "Ba ta ce mani komi ba, Malam. Ka kai ma wani."

Ya sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙan Hajiya. Na daɗe da sani, Alhaji. Tun ranar da ka ce mani zumata tana ƙamshin sabuwar randa. Namiji bai san wagga magana ba."

Shi kaɗai ya gane a duk kasuwar, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da ragowar kayan suka ƙare na kwashe ludayina da mazurarin Baba, na bar wa Alhaji Sule rumfar ya haɗa da tasa. Ya yi ta faɗa, ya ce na haukace, ya ce baƙin ciki ne zai wuce. A gari kuma aka yi ta magana, wasu suka ce karyewa na yi, wasu suka ce mun ɓata da Sule. Ku kanku kun ɗauka taurin kaina ne. Na bar kowa da abin da ya zata, don ta ce kada in kai ta bakin 'yan kasuwa. Yanzu ma ba kasuwa na kai ta ba, 'ya'yanta nake faɗa wa. Duk yabon da kuka ji ana yi wa harshen babanku a shekarun nan na baya, na uwarku ne.

Ba zan ɓoye muku abin da wannan shawara ta ci mini ba. Da farko abokan kasuwa suna leƙowa ranar Juma'a, a zauna a zaure a yi hira. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, don mai sana'a ba ya barin rumfa ya zo gaida wanda ba shi da labarin komai. Alhaji Sule ya fi kowa riƙewa, shi ma yanzu gwiwa ta hana shi. Nakan fitar da tabarma ƙofar gida bayan la'asar in zauna ina kallon hasumiyar Gobarau, masu wucewa su ce sannu Baba, in ce yauwa. Akwai ranar da in ka cire gaisuwar masallaci, wannan yauwa ita ce duk maganar da na yi. Yarinyar maƙwabta tana kawo abinci ta ajiye ta tafi. Tuwon rana a kwano ɗaya da wani, rabona da shi tun kasuwa. Abin da ya fi mini ciwo shi ne masu sallama a zaure, har yanzu ba su daina ba. Mace ta zo daga wata unguwa ta ce an kwatanta mata gidan mai zuma ta gaskiya, mijinta ya ƙone da ruwan zafi. In ce mata na bari. Ta ce to wa zan nuna mata? In ce mata ban san wanda zan shaida ba. In koma ciki raina a jagule, in rasa wanda zan ba labari.

Na sha tambayar kaina ko na yi daidai. Wata rana in ce na yi, wata rana in ce tsohon banza, ka sayar da jama'arka don lasa ɗaya. Abin da na sani shi ne ƙafafuna biyu suna nan, da su nake zuwa masallaci, kuma ban karya maganar Baba ba, ban karya tata ba. Kaɗaicin kuwa ni na saye shi da hannuna, ba na kai ƙarar kowa.

Yanzu ga zancen kwalabe. Tun daga waccan shekarar, duk lokacin da Malam Ɗanjuma ya yi ɗibar fari, ta gawo ko ta furen daji, sai ya cika 'yar kwalba ya toshe bakinta da kaki ya biyo ta nan. Ba ya sayar mini, ba ya cewa in lasa. Yakan miƙo ne ya ce ga ta Hajiya, a bar ta ta kwana. Mu zauna a zaure ya ba ni labarin daji da na ƙudan zuma har azahar, kuma wannan zaman yana cikin abin da nake jira a shekara. In ya tafi sai in kai kwalbar ɗakinta in ajiye a taga. Da safe rana tana shigowa ta cikinsu, wata fara, wata ja, wata kamar man shanu. Nakan tsaya in duba in ce wannan da kin ce kaza. Iyakar shan da nake yi ke nan.

Uwani, in ba ki zubar ba, ɗauko jakar nan ki duba bakin kowace kwalba. Kakin yana nan yadda Malam Ɗanjuma ya liƙa shi, har da shatin babban yatsansa. Guda ɗaya ce za ki samu a buɗe, wadda babu kaki, an ɗan taɓa samanta. Ita ce ta waccan safiyar.

Ki dawo mini da su. Gawo ya fara fure, Malam Ɗanjuma yana hanya, ba na so tasa ta zo ta tarar da taga wayam. Kada ki ba direba, ki kawo da kanki. Tun kina ƙarama ke ce mai cewa an canja rijiyar da ake ɗebo mana ruwa, alhali ba wanda ya faɗa miki, Innarku tana cewa wannan bakina ta ɗauko. In kin zo ki kwana biyu, ɗakinta a share yake, kujerar ma na gyara mata ƙafa. Da safe in na tafi masallaci ki kurkure baki ki jira ni, kada ki ci komai.